Baitocin Hajiya Gulsum Bakazaniya Sun Rage a Bakin Mace Ɗaya

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Misfala da Rusaifa, ƙarƙashin jagorancin uban ƙungiya, mai girma Alhaji Yunus Maman Gwadabawa, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma maƙwabciyarmu, Hajiya Gulsum 'yar marigayi Malam Zarif Alƙazani, wadda Allah ya yi wa cikawa a gidan ɗanta da ke unguwar Rusaifa a nan Makka bayan doguwar jinya, aka sallace ta a Harami, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Shara'i. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin komai, ƙungiya na roƙon masu yaɗa saƙonni a waya cewa wata tsohuwa 'yar Buhara ta rasu, da su ji tsoron Allah su gyara. Baiwar Allahn nan ta kusa shekara casa'in tana faɗa har bakinta ya gaji cewa ita Batatariya ce, wato 'yar ƙabilar Tatar, asalinta birnin Kazan, bakin kogin Idil wanda ake kira Volga a ƙasar Rasha, amma ga ta a kabari ba a daina ce mata 'yar Buhara ba. Kakanninta na tsohuwar daular Bulgar sun karɓi Musulunci fiye da shekara dubu da suka wuce, birninsu Kazan ya faɗa hannun sarkin Rasha ba su saki salla ba, iyayenta kuma suka baro gida zamanin yunwa da rufe masallatai, suka biyo ta Santambul har Misfala, inda aka haife ta. Mu da ake haɗa Bakano da Basakkwace da Ba'adare a ce mana Takari, ai mu ya kamata mu fi kowa sanin ciwon wannan. Haba jama'a!

Marigayiya ta karantar da 'yan matanmu Alƙur'ani a soron gidansu shekara da shekaru, kuma da yawan iyayen gidan da ke cikin wannan ƙungiya a gabanta suka sauke. Amma abin da ba a samu wurin kowa ba sai wurinta shi ne munajat, wato baitocin kuka ga Allah da tsofaffin matan Tatar ke rerawa ba ganga ba kalangu, da dogayen baitocin tarihi da ta gada daga mahaifiyarta, na kogin da ke daskarewa har a taka shi da ƙafa, da na birnin da ya faɗi, da na alhazan da suka fito ba su koma ba. In ta ja murya a gidan suna ko gidan makoki, matan da ba su san kalma ɗaya ta yarenta ba sai ka ga suna share ido da bakin mayafi.

Ba al'adar ƙungiya ba ce ta kawo ƙorafi cikin ta'aziyya, sai dai abin da wakilanmu mata suka gani a zaman makoki ya fi ƙarfin shiru. Sun iske sarewar mahaifin marigayiya, wadda Tatar ke kira kurai, wadda ta tsallako ƙasa da teku a cikin rigarsa, an tokare tagar kicin da ita. A ranar uku kuma, Hajiya Rabi'atu mai ƙosai ta unguwar Nakkasa, aminiyar marigayiya tun suna amare, wadda ta ɗauke baitocin nan da kunne saboda yawan zama kusa da ita, ta daure ta rera ɗaya da muryarta ta tsufa. Da ta kai aya, sai jikar marigayiya, Nora, ta matso cikin ladabi, ta yaba da Larabci, ta tambaya ko wace waƙar Hausa ce wannan mai daɗi. Wallahi ranmu ya ɓaci, kuma ba da yarinyar ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga babban ɗanta, mai girma Alhaji Sa'ud, da jikokinta Turki da Nora, da sauran zuriyar Kazan da ke wannan gari mai alfarma, da matanmu da suka rasa malama. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, ya ba iyalai juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Sannan muna sanar da Alhaji Sa'ud, cikin girmamawa amma ba cikin rufa-rufa ba, cewa an riga an shafa wa gidan Hajiya Rabi'atu jan fenti na rusau, ba ta da igama, wato takardar izinin zama, kuma 'yan uwanta sun shirya mayar da ita Birnin Konni kafin azumi. Ba ta san ma'anar abin da take rerawa ba, ku kuma da za ku iya nemo mai fassara ba ku riƙe ko baiti ɗaya ba. Wayoyin da ba sa barin hannun yaranku, ɗaya ta isa a ɗauki muryarta da yamma guda, ga shayi, ga tabarma, Hajiyar kuma ta ce ba ta son komai sai a zo. Mun aika, mun sake aikawa, kullum sai a ce mana in sha Allahu bayan arba'in. To, a sani ba za ta kai arba'in a Makka ba. Ranar da ta hau jirgi, duk jikan Malam Zarif da ke son jin muryar kakanninsa na bakin Idil, sai ya nemi bizar Nijar.

Sa hannu:
Alhaji Muttaƙa Ma'aruf Illela
Kakakin Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Misfala da Rusaifa
Makkatul Mukarrama