Ni na mayar da kasuwar garinmu Asabar, Gwaggo ba ta sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana da na garinmu, ƙaramin gari ne, ana ambatarsa za a gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri in na ja zance, ban iya taƙaitawa ba.

Garinmu yana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Tun tasowata kasuwarmu Laraba take ci, masunta su zo daga wajen Gulma, Fulani su kawo nono da awaki, ga masu albasa da shinkafa. A gindin tsamiyar da ke tsakiyar kasuwar Gwaggo Kulu take suyar kifi. Yayar babana ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwarsa, da wannan kaskon na yi karatu har na gama jami'a.

To da haya ta yi tsada a birni sai ma'aikata suka fara dawowa garinmu da zama, wasu haya, wasu su sayi fili su gina. Da safe babura suke kwashe mutane, kafin ƙarfe takwas gari ya zama na tsofaffi da mata, ni ma cikin masu tafiyar nake. Aka naɗa ni sakataren ƙungiyar ci gaban gari, wai ni ne mai Turanci. Wata rana maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, malamar asibiti ce 'yar Filato, ta ce min shekararta biyu a garin ba ta taɓa ganin kasuwar tana ci ba, kullum Laraba tana wurin aiki. Maganar ta zauna min. Na ga kamar in aka mayar da ita Asabar kowa zai samu, masu albashi su yi sayayya a gida, su Gwaggo su ƙaru. Ina jin niyyata mai kyau ce, ko da yake yanzu ko wannan ba na iya rantsuwa a kai.

Ban yi gaggawa ba, gida gida na bi ina tambaya, kusan kowa ya ce Asabar ta fi. Sai daga baya na lura duk waɗanda na tambaya irina ne, masu saye. Ban tambayi mutum ɗaya cikin masu kawo kaya ba. Baba Manu, sarkin kasuwa, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, Asabar tana da mai ita. Mutanen ga bin kasuwanni sukai, kowace rana da garinta, mai kihi ba ya rabuwa biyu." Nufinsa akwai wata babbar kasuwa can gaba da Argungu da take ci ranar. Na ce masa za a duba, a raina kuwa na ɗauka sarautarsa yake karewa. Ni na kawo shawarar a taro, ni na rubuta takardar, da ta dawo da hatimin ƙaramar hukuma mai shela ya zaga gari ya ce umarni ne daga sama.

Asabar ta farko masu saye suka cika fili da jakunkuna a hannu, masu sayarwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bayan 'yan makonni ma'aikatan suka koma yin cefane a birni in sun tashi aiki. Fataken kuma, na ji an ce, sun ba wani gari Larabarsu. Yau rumfuna sun zube, 'yan kabu-kabu ne ke jiran fasinja a wurin.

Gwaggo ba ta daina fita ba, kuma Larabar take fita, ita da wasu tsofaffi biyu. Kwanaki na dawo daga aiki da wuri na biya ta wurinta, Baba Manu yana zaune a kan benci. Ta naɗe min kifi a takarda tana cewa duk wanda ya zauna ofis ya kashe musu kasuwa Allah ya isa. Sai ta dube ni tana dariya ta ce, "Ka ce amin mana ɗan boko, ko 'yan uwanka kaka karewa?" Na ce amin. Baba Manu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, har yau bai faɗa mata ba. Abin da ya fi damuna shi ne ban ji komai ba. Na tsaya na cinye kifin, na ce ya yi daɗi, na tafi gida.

Yanzu shugaban ƙungiya ya ce in rubuta wata takardar, a shaida wa hukuma kasuwa ta mutu, a yanka filin a yi filotai tunda masu neman wurin gini sun yi yawa, kowane ɗan kwamiti zai samu guda. Ba zan ɓoye muku ba, ɗaki ɗaya muke ciki ni da matata a gidan Gwaggo, har na fara tambayar haya a unguwar Badariya can Birnin Kebbi. Da na nuna shakka shugaban ya ce in ban rubuta ba wani zai rubuta, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. In kuwa zan nemi a dawo da Laraba, sai na miƙe a gaban jama'a na ce ba daga sama abin ya zo ba, daga wurina ya fito, kafin in iso gida Gwaggo ta ji. Kuma ba ni da tabbacin fataken za su dawo, mai yiwuwa in tona kaina a banza.

Lahadi ne taron ƙungiyar. Na ga zanen filotan, layin titi ta kan tsamiyar ya bi. Jama'a ya zan yi? In rubuta, ko in miƙe in faɗi gaskiya? In kuma faɗa zan yi, Gwaggo zan fara samu ko taron? Kuma masu ilimi a cikinku, wannan amin ɗin da na ce, mene ne hukuncinsa a kaina?