Hannun Hagun Tambaya

Tsafe, cikin damina, 1928

Zuwa ga matata Hanatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Almasihu. Yaya jikinki, yaya su Baba da Inna? Abokina Jatau ke rubuta mini wannan, domin ƙarfe ya faɗo mini wajen shimfiɗa hanyar jirgi, har an yanke hannuna na dama.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsani kaina. In an kawo tuwo nakan zagaya bayan bukka in ci ni kaɗai, don wa zai yarda a tsoma hagu cikin akushinsa? Addu'a ma na daina. Kafintan da ba shi da hannu, da me zai riƙe ki? Ki koma gidan Baba, kada ki jira ni.

Ni ne,
Tambaya

Bungudu, bayan kaka, 1929

Hanatu,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso tuntuni cewa ba inda za ki. Wannan taurin kai naki, na san shi. Kunya ce ta hana ni amsawa.

Ki ji abin mamaki. Wata Lahadi Jatau ya ja ni Gusau, inda Kiristoci 'yan kaɗan ke sujada a rumfar zana. Wani tsohon fasto ya zo ba da Jibin Ubangiji. Kowa yana miƙa dama yana karɓa, ni kuwa na cusa haguna cikin riga. Tsohon nan ya tsaya a gabana da gurasa, ya ƙi gusawa. Can ya ce, "Ɗana, miƙo wanda kake da shi."

Na miƙa. Hannun da ko yaro ka ba abu da shi sai ya ɓata rai, a cikinsa aka ajiye mini gurasar Ubangiji. Na kai ta baki na ci. Ashe Wanda aka huda wa hannuwa duka biyu domina bai ƙyamaci haguna ba. Ni ne kawai ke ƙyamarsa.

Daga nan na taho nan Bungudu wurin Malam Labbo, wani masassaƙi Musulmi mai yawan barkwanci. Ya nuna mini yadda suke danne itace da ƙafa, ya ce ƙafafuna biyu sun daɗe suna cin tuwon banza. Na ɓata masa itace ba iyaka, na sari yatsan ƙafata, kullum ina addu'a haguna ya saba da gizago. Jiya matarsa Dije ta daka gero a turmin da na sassaƙa. Bakinsa a karkace yake, amma geron ya daku.

Na janye maganata, ki yafe mini. Jirgi yana isowa Gusau yanzu, ki zo, zan tarye ki a tasha. In kin ga hannun riga yana lilo kada ki yi kuka, ki dubi fuskata.

Mijinki,
Tambaya