Baƙar Motar Haya da Tsumman Baba

Litinin, 1 ga Agusta 2022

Yamai, bayan shekara bakwai. Na sauka jiya an gama ruwa, ƙasa tana ta ƙamshi, na tsaya a bakin filin jirgi kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta.

Tun daga Lyon, can Faransa, mafarkina ɗaya ne: in ɗauki motar haya, in sa Baba a gaba, in tuƙa shi zuwa bakin kogi. Shekara talatin da uku yana jan manyan ma'aikata, shi ya koya mini tuƙi a wani fili bayan gidanmu na Tallaje, amma bai taɓa zama a gefena a kan titi na gaske ba. Kwana goma sha uku gare ni. In ya shiga motar nan, na san ya yafe mini rashin zuwana da Inna ta rasu. In bai shiga ba, to, na san matsayina.

Mai ba da hayar sunansa Ƙasimu, bakinsa kamar an shafa masa zuma. "Madam, ki ƙara asuransi ta biyu, inshorar ɓarna. Ko an buge, ko an karce, ba ruwanki." Na ce katin bankina na can ya riga ya ɗauki wannan nauyin, ga ma takardar na bugo. Ya ce, "Nan fa Yamai ce, Madam, ga kabu-kabu, ga awaki." Na ce awakin sun san ni tun ina yarinya. Na zagaya motar sau biyu ina ɗaukar hoto, har ƙarƙashin ƙofa, na sa shi ya yi alama a kan kowane ɗan tabo a zanen takardarsa, muka sa hannu. Ni kaɗai aka rubuta direba, mai a cike zan mayar. Ba za a ci kuɗina a banza ba.

Baƙa ce, sai sheƙi take yi, gajimare yana yawo a jikinta.

Talata, 2 ga Agusta

Baba ya rame. Da na durƙusa gaishe shi ya dafa kaina ya daɗe, yana kallon wani wuri ta bayan kafaɗata. "Hadiyya, kin zo." Shi ke nan.

Na ce ya fito ya ga mota. Ya fito a hankali, ya shafa ta da tafin hannu daga gaba har baya, ya ce in tayar. Ya saurari injin ya ce, "Lafiyarta lau." Na buɗe masa ƙofa. Ya ce gwiwa tana damunsa, sai wani lokaci.

Gwaggo Kadi, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun bayan Inna, ta yi dambu da zogale. Na ci har na ji kunya.

Laraba, 3 ga Agusta

Ranar dashen itace, gari duk hutu. Baba ya ce yau tituna a cushe suke. Na fita ni kaɗai, na ɓata sau uku. An yi gadoji a sama inda na san shataletale. Na bi wata hanya ina zaton za ta kai ni makarantarmu, ta kai ni Bobiyal, unguwar da na bari gonakin gero. Na tsaya a gefen titi ina kallon wata mata tana shanya zannuwa a soro, iska tana kaɗa su, ban san minti nawa na yi ba. A can Lyon nakan rufe ido in bi Yamai lungu-lungu kafin in yi barci. Ashe garin da nake bi ɗin nan ni kaɗai ce a cikinsa.

Da na dawo na ce, "Baba, da kana nan da ban ɓata ba." Ya yi dariya.

Alhamis, 4 ga Agusta

Yau uzurin baƙi ne. Babu baƙon da ya zo.

Juma'a, 5 ga Agusta

Na ce in kai shi babban masallaci. Ya ce ladan taku ya fi, ya bi bango ya tafi na unguwa. Raina ya ɓaci sosai, na shiga ɗaki na yi kukana. Shekara bakwai ina wanke tsofaffin wasu, ina ba su abinci a baki, ina tura su a keke su sha rana, nawa tsohon ya ƙi ko zama a gefena. In fushi yake yi ya faɗa mini mana! Takardun zamana na can ba su fito ba lokacin da Inna ta rasu, da na taho da ban koma ba, ya sani. Ko kuwa sani daban, yafewa daban?

Wani abu kuma: kullum da safe sai in tarar an wanke motar. Na zaci Gwaggo ce take sa a yi.

Asabar, 6 ga Agusta

Na yi zagayen dubawata na safe, irin wanda Gwaggo ke cewa ɗawafi nake yi wa motar mutane. Rana ta haska murfin injin, na sunkuya na duba. Karce ne sirara, zagaye a kan zagaye, sun cika shi har ƙofar dama. Na buɗe hotunan ranar Litinin: babu ko ɗaya. Wani ya goge ta da tsumma mai yashi.

Na shiga ina faɗa. Gwaggo tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ki rage murya, babanki yana ciki." Na tuna dariyar da na yi wa Ƙasimu. Wanda bai ji bari ba...

Gobe zan kama mai aikin nan da idona.

Lahadi, 7 ga Agusta

Na kama shi.

Bayan sallar asuba na zauna a bakin taga. Gari ya fara haske, Baba ya fito da bokiti da tsohon tsummansa na aiki, rawaya, wanda na sani tun ina ƙarama. Ya laluba bango, ya ƙirga taku, ya taɓa madubi, sannan ya fara. Yana wankewa yana ɗan waƙe-waƙensa a maƙogwaro, fuskarsa a sake, yadda ban gan ta ba tun zuwana. Tsumman ya kuɓuce ya faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana shafa ƙasa da hannu, nan da can, alhali ga shi dab da ƙafarsa. Ya samu, ya kaɗe sau ɗaya, ya ci gaba. Da ya gama ya ja da baya ya tsaya yana kallonta hannu a ƙugu, kamar yadda yake yi a da. A ƙofar baya ga laka jajawur, faɗin faranti, bai taɓa ta ba.

Baba, wanda ko sawun ƙuda ba ya bari a gilashi.

Ni da ake biya in lura da tsofaffi, kwana bakwai ina gida ɗaya da ubana ban gane ba ya gani ba.

Gwaggo ta ce yanar ido ce ta rufe idanun, shekara biyu ke nan, na hagu ya tafi, na dama saura inuwa. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa mini ba. "Ya ce kina da naki nauyin a can. Kuma in ya shiga motarki za ki ce, Baba ina zan bi? Me zai ce miki?" Na ce to fushin fa, maganar Inna? Ta dube ni kamar na yi wauta. "Wane fushi? Mutumin da ya hana a share inda kika ajiye takalmanki ranar da kika tafi, har sai da damina ta share?"

Aikin idon kuwa ya ƙi. Wai wani abokinsa an yi masa bai dace ba.

Litinin, 8 ga Agusta

Ban ce masa komai ba. Na wanke tsumman tas na shanya masa a inda yake ajiyewa.

Talata, 9 ga Agusta

Na buɗe takardar katin banki in ga yadda ake neman su biya ɓarna. Sun ce a aika hotuna, da takardar haya, da bayani: yaushe, a ina, wa ya yi, ta yaya. Layi biyar suka bari. Na rubuta "Mahaifina" na tsaya. In ci gaba in ce me? Cewa Malam Haruna direba, da bai taɓa karce motar kowa ba, ya goge ta da yashi don ba ya gani? Wani a wani ofis a can ya karanta yana shan kofi, ya buga hatimi? In kuma ce ban san wanda ya yi ba, ƙarya ke nan. Na yage ta.

Da rana aka yi ruwa mai yawa. Muka zauna a baranda ni da shi, yana gaya mini daga ƙarar kwano ko ruwan zai daɗe. Ya daɗe ɗin.

Laraba, 10 ga Agusta

Yau ban roƙe shi ba. Bayan la'asar na ce, "Baba, akwai wata ƙara da nake ji a ƙafar gaba in na taka. Ina tsoro kada mai hayar ya ɗora mini." Allah ya yafe mini, babu wata ƙara. Sai ya ce a miƙo masa hularsa.

Ya shiga. Ya ja bel da kansa, ya sauke gilashi, ya ɗan karkatar da kai yana sauraro. Ban tambaye shi hanya ba ko sau ɗaya. Shi ne ma ya fara: "Rage gudu, akwai rami bayan mai gyaran taya." Akwai kuwa. Da muka wuce Babbar Kasuwa ya ce ya ji masu kilishi. Ya ce ina saurin sauya giya, halina tun ina sha bakwai. Ni dai tuƙi nake yi kamar a cikin barci, rana tana gangarawa, bishiyoyi suna ɗigar ruwan jiya, kuma ubana yana gefena.

Ƙarar taya ta sauya, ya ce, "Mun hau gada." Muka ƙetare, na sami wuri na tsaya a bakin ruwa, na kashe inji. Can ya ce, "Motar nan ba ta da wata ƙara, Hadiyya." Na ce e, Baba. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "To faɗa mini, yau wane launi kogin yake?"

Na ce ja ne, irin na damina, ya cika har ya taɓa ciyawa. Na ce ga kwalekwale biyu, ɗaya da kabewa, ga rana ta kwanta a kan ruwan. Na ci gaba. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara har aka kira magariba.

A hanyar dawowa na ce masa aikin yanar ido minti ashirin ne, na raka tsofaffi da yawa, sun shiga a hannuna sun fito suna karanta agogo. Ya ce, "Su an raka su."

Alhamis, 11 ga Agusta

Asibitin ido. Likita ya duba ya ce na dama za a fara, ranar Talata mai zuwa. Jirgina Asabar ne. Baba ya ce Kadi ta isa.

Lahadi, 14 ga Agusta

Jirgin ya tashi jiya ba da ni ba, mun ji shi ya wuce ta saman gidan. Tikitin ƙarshen wata ma ya fi sauƙin samu, kuma shugabar aikinmu ta ce ba komai. Ba wani abu ba ne. A asibitin na tambayi wata ma'aikaciya ko suna ɗaukar masu irin takarduna. Tambaya ce kawai.

Na je wurin Ƙasimu in ƙara kwanakin haya. Ya zagaya motar da takardarsa, ya tsaya a gaba, ya yi fito. "Madam, ai na gaya miki. To katin naki zai biya?" Na ce ni zan biya. Ya shirya gardama, bai samu ba. Ya tambayi abin da ya same ta, na ce wanki ne.

Da safen nan na riƙe wa Baba bokiti, ina ce masa hagu, ƙasa kaɗan. Yana cikin gogewa ya ce ranar da za a cire masa bandeji kada in tsaya masa a gaba, fuskata ya san ta. Motar yake so ya fara gani, ya ga aikin da ya yi mata kwana goma sha biyu.

Na kira Ƙasimu na ce gobe a kai ta wurin masu fenti, a goge murfin da ƙofar dama har ta koma yadda take, ko nawa ne, amma lallai ta dawo ƙofar gida kafin ranar Laraba, ranar cire bandejin.