Fis ɗin da Na Sa da Hannuna

Alƙahira, 4 ga Maris

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Yaya Mama da sanyin garin Mansura?

Baba, yau dai kuka zan kawo maka. Ka san ƙwayar na'urar da kamfaninmu yake ƙerawa, wadda na ce maka ba ta fi farcen babban yatsa ba amma ƙwaƙwalwa goma sha shida ke cikinta, suna raba aikin saƙonnin intanet da ajiyar bayanai. Sashena shi ne wanda, in faifan ajiya ya mutu, yake sake haɗa abin da ya ɓata ba tare da ya dami sauran ba. Shekara huɗu ina kansa. Da aka dawo da samfurin farko daga masana'anta, gwaji ɗaya ya tashi, ko tari bai yi ba.

To jiya manajanmu, Injiniya Rafat, ya kira ni da murmushin nan nasa na mai sayar da kankana. Wai babban mai sayen kayanmu yana da wata ƙwaya mai wannan aikin, kuma in aka bar sashena a raye ba wanda zai kula sabuwar da za mu fitar baɗi. Na ce masa, ranka ya daɗe, lafiyayye fa ne. Wai ai shi ne matsalar, 'yata. Ranar Alhamis za a yanke hukunci. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Tahani

Alƙahira, 19 ga Maris

Babana,

Bayan gaisuwa, ina fatan ku duka kuna lafiya. Na ga saƙonka, na kasa amsawa ne.

Sun kashe shi. Abin da ya fi ci mini rai, ni na ba su wuƙar. Kai da ka yi shekara talatin kana aikin lantarki, kai ka koya mini kada a ja waya babu fis. Shi ya sa tun farko na saka wa sashena ɗan fis, don in ya zo da aibi a ƙona fis ɗin sashen ya daina aiki, sauran ƙwayar ta tsira. Ba wanda ya ce in sa. Da babu shi, sai sun sake zane na wata takwas, kuma wallahi da sun haƙura sun bar sashena.

Ni aka ba aikin tabbatarwa. Fis ɗin ƙwaya ɗari biyu na ƙona, na yi ta kiran sashena ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta amsa. Rafat ya kawo kek ɗin basbusa ofis, ya ce a gaban kowa aikin Tahani ba ya kuskure. Ban ci ba. Na tsane shi, Baba, kuma na ji haushin kaina fiye da nasa.

Don Allah ka daina gaya wa abokanka a gidan shayi cewa aikin 'yarka yana cikin injinan duniya. Yana ciki ɗin, za a sayar da miliyoyi. Amma duk wadda aka buɗe, gawa za a tarar.

Ka gaida Mama.

'Yarka,
Tahani