Na Hau Dutsen, Rahila

Zuwa ga ƙawata Rahila,

Ina gaishe ki, irin gaisuwar da nake jefo miki ta kan katanga kowace safiya kafin mu fita aiki. Na san takardar nan ba za ta zo hannunki ba, balle ki ɗauki jan biro ki gyara mini rubutu kamar na ɗalibanki. Amma ina da labari, kuma tun da muka zama maƙwabta a Garki ke nake fara kai wa labari. Yanzu wa zan kai wa?

An ba yara dogon hutu, na farko da ba ke. Kin san ke ce mai tsara mana fita. Wannan Asabar bakin tafkin Jabi, waccan mu biya Kado mu sayi kifi mu gasa, ta gaba kuma dutsen nan na wajen Ushafa. Ni nawa in dafa shinkafa in ja mota. Bana sati biyu suka wuce ba wanda ya ta da maganar. Amira da Faruk ɗina suka maƙale wa talabijin. Daudanki yana shigowa su yi wasa, amma 'yarki Nanret ta daina fitowa. Babansu ya gaya mini ba ta cin abinci sai an matsa mata, har yana tunanin kai ta Pankshin wurin kakarta ta ci gaba da karatu a can. Ki ji fa, Rahila. Yarinyar da na goya ranar da kika koma aiki?

Na je na same ta a ɗaki, na tambaye ta ina take so mu je. Ta ce dutse. Amma sai in ni ma zan hau, don yanzu babu mai shige musu gaba.

To, ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Gwiwata lafiyarta lau. Duk shekarun nan da nake zama a gindin dutse ina gadin kuloli, ina ce miki sanyin ƙashi ne, ƙarya nake yi. Tsoro nake ji. Ko benen ofishinmu ba na leƙawa ta taga. Kunya ce ta hana ni faɗa, ganin yadda kike ɗaura zani a kan wando ki haye kamar akuya, yara huɗu na binki suna ihu.

Ranar Asabar muka tafi. An yi ruwa Alhamis, amma dutsen ya bushe. Na ari takalmin Amira, ita ta tsaya gadin kuloli, na ɗaure mayafi a ƙugu, na yi bismilla. Da kin ga ƙawarki! Faruk da Dauda sun yi gaba tuni, ni kuwa ina rarrafe hannu da ƙafa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Da muka kai rabi na yi kuskuren waiwayawa. Motarmu ta koma kamar kwalin ashana. Na zauna daɓas, na ce a raina shi ke nan, daga nan ba gaba ba baya.

Nanret ce ta sauko ta zauna kusa da ni. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in daina duban ƙasa, in riƙa kallon dugaduganta kawai, inda ta taka in taka. Ta miƙo mini hannu. Hannunki ne sak, Rahila, har da gajeren ɗan yatsan nan. Haka muka riƙa tafiya, 'yar shekara goma sha biyu tana jan uwar mata, har muka kai.

A can sama ta nuna mini wani faffaɗan dutse, ta ce nan kike tsayawa ki ɗaga mini hannu. Sannan ta gaya mini wai kin daɗe da sanin ba gwiwa ba ce, kuma kin gargaɗe su duka huɗun kada wanda ya kuskura ya tsokane ni. Ashe kin sani? Shi ne kike kawo mini man zafi duk ranar fita, kina yi mini sannu da fuskar tausayi? Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ya zama kuka na gaske. Nanret ta kifa kai a cinyata ta yi nata, wanda babanta ya ce bai ga ta yi ba tun ranar da aka kai ki. Na bar ta ta yi ya ishe ta. Yaran maza suka tsaya nesa suna jifan iska da tsakuwa, wai su ba su ganmu ba.

Saukowa da zaune na yi ta, siket ɗina ya tashi daga aiki. A ƙasa Nanret ta cinye faranti guda na shinkafa ta nemi ƙari.

Jiya babansu ya leƙo. Ya ce ya fasa maganar Pankshin, aƙalla zuwa ƙarshen zangon da za a shiga. Na ce masa ko ya so kai ta sai ya haɗa da ni. Yau da yamma ta zo da kanta ta zauna a gabana, ta kwance kai, ta ce in yi mata kitso. Ban iya irin naki ba, layukan duk sun karkace, amma ta duba madubi ta ce ya yi.

Ban taɓa gode miki ba, ina ganin kullum kina nan bayan katanga. Na gode, Rahila. 'Ya'yanki suna hannuna, ki kwantar da hankalinki. Allah ya ba ki hutawa.

Taki har kullum,
Maman Amira