Dami Biyar na Iri

Daga Barau na gindin dutse, wanda yake Ikko yanzu, zuwa ga ƙanena Sharhabilu a Dutse.

Gaisuwa irin ta wa da ƙane. Ka gaida mini matata Gaji, da jikata Luba, da duk wanda ya tambaye ni, in akwai shi. Wani malami ne a zangon Hausawa yake rubuta mini wannan. Ya so ya fara da dogon larabci yadda kuke yi, na ce ya rubuta abin da ya fito daga bakina kawai. Kai aka kai makaranta, ni aka bari da fartanya. Ba gori nake ba, tuni nake.

Na iso. Kwana huɗu ina tsaye a jirgin ƙasa, a taragon shanun wani falke Ɗanmusa, tsakanin ƙahonni da kashi, ina tayar da wadda ta kwanta. Garin nan zaune yake a tsakiyar ruwa kamar moɗa a randa, sai an bi wata doguwar gada ake shigarsa. Ruwa gaba, ruwa baya, na kamfata na kai baki, gishiri ne zalla. Sun ce rani ne a nan ma. Wane irin rani ne ciyawa take kore, mutum yana zaune gumi yana bin gadon bayansa, riga ta kwana a igiya ba ta bushe ba? Suna da wani ice mai kwaikwayon dabino, kwakwa suke ce masa. Ɗansa kamar kan mutum, ka fasa ka tarar da ruwa. Tuwo babu, sai garin rogo da manja. Cikina bai yarda da su ba.

Na sami ɗana Uwaisu a bakin ruwa, yana dakon buhunan gyaɗa zuwa jirgin Nasara. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kai ne? Wa ya mutu?" Na ce, "Sai an mutu ake zuwa? Tashi ka ɗaure kayanka, gona na jira." Ya ce, "Gonar da aka kore ni daga cikinta da ƙotar fartanya?" Na ce, "Ƙota ɗaya ce, shekara uku ke nan." Ya ce, "A gaban matata ce, Baba." Na tuna masa matar ta rasu, 'yarsa Luba kuma mu muke riƙe da ita cikin wannan yunwa. Ya koma ya ɗauki buhunsa. Zai biyo ni. Ni na haife shi.

Abin da ya sa na aiko takardar nan shi ne ƙaramin rumbu. Ka sani daminar bara ta ƙi, dami biyar na geron nan shi ne irin da ya rage mana a duniya. Da hannuna na liƙe bakinsa da laka. Kada kowa ya fasa sai na ce. Ku ci tafasa, ku ci goruba, ku ci haƙuri.

Allah ya haɗa fuskokinmu. Wassalam.

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Sharhabilu zuwa ga Yayana Barau, a tsakiyar watan Rabi'u Lawwal.

Aminci da girmamawa da addu'ar alheri su tabbata gare ka. Takardarka ta iso ta hannun masu goro, na karanta wa Yaya Gaji har sau biyu. Mun gode Allah da ka ga Uwaisu da rai. Ina roƙonka ka sassauta masa harshe, Yaya. Ba a kiran kare da sanda a hannu.

Gida dai muna nan yadda ka bari, sai abin da ya ƙaru. An yanka akuyar ƙarshe. Mutanen Jahun suna wucewa ta nan ayari-ayari, sun nufi kudu, wasu ba sa kaiwa mararraba. Na sallami ɗaliban makarantata, kowa ya koma gidan ubansa, don ba ni da abin ba su.

Luba ba ta da lafiya. Ƙafafunta sun kumbura, ganye ba ya zama a cikinta. Yaya Gaji ta ce a roƙe ka ka yarda a cire rabin dami a yi mata kunu. Ban taɓa rumbun ba, domin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a hannunka ya bar maganar gona. Amma ina haɗa roƙona da nata. Ka aiko da amsa da wanda ya fi sauri.

Allah ya tsare ka. Haza wassalam.

*

Daga Barau zuwa ga Sharhabilu.

Ina gaida ku. Maganar rabin dami, a'a. Yau rabi, gobe ɗaya, jibi a share rumbu da tsintsiya. Na ga gidajen da suka ci irinsu, kai ma ka gani. Ku ba ta ruwan tsamiya da ɗan garin goruba. Allah ne mai yayewa.

Kuma ga albishir, ba sai ta jima tana jira ba. Damina ta faɗi! Shekaranjiya ina zaune a bakin zango bayan azahar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta kwashe rumfunan masu kifi, aka zuba ruwa har ƙwauri. Jiya aka sake. Kwaɗi suna kuka, ƙasa tana ƙanshi. Kuma na lura da kyau, daga arewa maso gabas hadarin ya taso, ta wajen gida ke nan. In bai zuba a kanku ba, to yana bakin ƙofa. Sama ɗaya ce, ba a yi mata katanga tsakanin Ikko da Dutse ba.

Na fita tsakar ruwan ina dariya, masu garin suna kallona daga ƙarƙashin lema kamar mahaukaci. Uwaisu ya jawo ni ciki, ya ce, "Baba, nan ruwa ba ya jiran damina, ko tsakiyar rani yakan zuba." Na ce, "Kai ɗan dako, yaushe rabonka da ka taka kunya?" Malamin da ke rubuta mini ma ya ɗaga kai zai sa baki. Na ce masa alƙalami na hayata, ba bakinsa ba.

To ga umarnina. Ranar da takardar nan ta same ka, ka fasa rumbun. A sussuka damin biyar, a shuka duka, gonar gindin dutse da ta bakin dabino. In ƙasa ta jiƙa, madalla. In ba ta jiƙa ba a yi binne, a sa irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan, yadda na sha yi. Wanda ya riga shuka shi ke riga cin tumu. Kafin maƙwabta su farka, Luba tana gasa sabon gero.

Wassalam.

*

Da sunan Allah. Daga Sharhabilu zuwa ga Yayana, goma sha biyu ga Rabi'u Sani.

Bayan gaisuwa, Yaya, daga Allah muke, gare shi za mu koma. Luba ta rasu ranar Talata da hantsi, kwana biyu kafin takardarka ta iso. Ni na yi mata salla. Ka faɗa wa Uwaisu a hankali.

Maganar shuka kuwa, ka yi mini afuwa, ban zartar ba. Ko ɗigo ba a yi a nan ba. Sama fara tas, rijiyar unguwa sai an ƙara wa guga igiya. Shamuwa ba ta zo ba, gawo yana nan da ganyensa shar, kai ka koya mini cewa sai ya kaɗe ake sa rai. Na duba lissafin taurari, akwai fiye da wata biyu kafin na damina su kama. Ana yin binne in ruwa ya kusa, kwana goma ko sha biyar. In aka binne yanzu, rana za ta soya, gara da kurciya su gama da sauran. Fatake sun shaida mini ruwan ƙasar kudu daban yake da namu.

Ka dawo ka gani da idonka. Rumbu yana nan a liƙe.

Allah ya ba mu haƙuri. Haza wassalam.

*

Daga Barau zuwa ga Sharhabilu.

Babu doguwar gaisuwa. Allah ya jiƙan yarinyar. Na faɗa wa ubanta. Bai yi kuka ba, ya tambaye ni, "An ba ta kunun?" Na ce iri ba abinci ba ne. Tun ranar yana ajiye mini akushi a bakin ɗaki, amma bai sake ce mini uffan ba.

Yanzu kai. An yi ruwa sau biyar a nan, ina ƙirgawa da tsakuwa a aljihu. Ni na gani ya jiƙa ni, kai kana zaune a zaure kana ƙirga taurari a takarda. Shekara hamsin ina shuka, kana cin abin da na shuka, yau kai za ka karanta mini gawo? Na san abin da ake ƙullawa. So kuke a ja lokaci har yunwa ta ba ku hujja, ku cinye irin, in dawo a ce mini ɓera ne. In haka za a yi, don me aka hana yarinyar?

Malam, rubuta wannan da manyan baƙi. Idan ba a sa irin nan a ƙasa ba ranar da takardata ta iso, ban yafe maka ba duniya da lahira. Kada ka wanke gawata, kada ka tsaya a sallata. Allo naka ne, gona tawa ce, haka tsohonmu ya raba.

Na gama.

*

Daga Barau zuwa ga ƙanena Malam Sharhabilu.

Ina gaishe ka, ina gaida Gaji. Kwana ashirin ban ji daga gare ku ba.

Ɗanmusa ya sake saukowa da shanu daga Kano ranar Lahadi. Na tare shi tun a bakin gada, na ce yaya damina a gida. Ya ce, "Wace damina, Baba Barau? Daga babban kogi zuwa arewa ko raɓa babu." Ban yarda ba, don fatake ba su san gaskiya ba sai in ta kwanta musu. Na shiga cikin shanun. Haƙarƙarinsu a waje, kofato a tsattsage. Na tsuguna na fasa kashinsu da yatsa, na bi saniya bakwai ɗaya bayan ɗaya. Kara ne da busasshiyar harawa. Ko tsinken ɗanyen haki ban gani ba. Mutum yana ƙarya, saniya ba ta yi.

Ina tsugunne a wurin aka sake tsuge ruwa a kaina. Wannan ruwan banza, yana zuba a kan teku da rufin kwano, inda ba mai shuka komai. Wani tsohon soja da ya shekara talatin a garin nan ya ce mini ruwan daga bakin teku yake farawa, ya yi ta hawa arewa a hankali kamar jaki da kaya, sai ya yi wata biyu ko uku kafin ya kai mu. Na ce me ya hana a faɗa mini? Uwaisu yana tsaye a bayana, ya ce, "An faɗa maka, Baba." Maganarsa ta farko ke nan da ni tun rasuwar.

Na janye rantsuwata. Malamin da ke rubuta mini ya ce akwai kaffara, zan yi. Kada a fasa rumbun.

Sharhabilu, na san halinka. Tun muna yara in na ce gabas sai ka tsaya kawo dalili. Lokacin da na ce kada a ba mutanen Garki aron gonar fadama, ka ba su. Na riƙe ka da wannan shekara goma sha biyu. To ka rubuto mini cewa wannan karon ma ka yi taurin kanka. Ba zan yi faɗa ba. Ko kun cinye dami ɗaya, ba zan yi faɗa ba.

Ina jiran amsa a bakin gada kowace ranar jirgi. Allah ya sa ta alheri ce.

*

Da sunan Allah. Daga Sharhabilu zuwa ga Yayana Barau, biyar ga Jimada Sani.

Aminci ya tabbata gare ka. Yaya, takardar janyewarka ta tarar iri yana ƙasa, na riga na bi maganarka ta farko. Ban iya ɗaukar rantsuwarka zuwa kabari ba. Ni na yi sara, Yaya Gaji tana bina tana zuba iri, maƙwabta suna tsaye a kan iyaka suna kallo. Mun shuka duka biyar.

Bayan kwana goma sha takwas aka yi yayyafi sau ɗaya. Abin da kurciya ta bari ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, ya yi kwana shida. Tun daga nan rana ce.

Ka taho gida, Yaya Gaji tana son ganinka. Amma ta ce in faɗa maka kada ka taho da Uwaisu ko ya yarda. Ka bar shi inda ake cin abinci.

Haza wassalam.