Mil Uku Zuwa Wurin Mama

Zuwa ga Yayana Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yvonne da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai tsananta muku ba, ya kuma ƙara wa gwiwarka sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Maigidana Clive ya koma aiki, 'yarmu Bethan kuma ta samu gurbi a makarantar koyon jinya.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya kullum sai in ce maka yana nan ƙalau, bakina ya ƙi faɗin sauran. Ka san rigimarsa da kilomita. Tun da majalisar gunduma ta kafa sababbin alluna a hanyar ƙafa bai sake zama ba. Shi da tsofaffin abokansa na mashaya suke fita da tsani da gwangwanin fenti, su shafe kilomita, su yi lissafi su rubuta mil. Yakan ce da mil ya koyi tafiya, da mil ya je zance wurin Mama, babu ɗan ofishin da zai auna masa ƙasar ubansa da ma'aunin baƙi. Na yi faɗa, na yi lallashi. 'Yan sanda ma sun zo, sun sha shayinsa, sun ja masa kunne. Amma hali zanen dutse ne, har na haƙura na koma yi masa dariya.

Watan jiya ya fita shi kaɗai zuwa allon mararrabar bayan gida, wanda ke nuna hanyar cocin da aka binne Mama a harabarsa. Kilomita biyar aka rubuta. Ya shafe kilomita ya sa mil, ya bar biyar ɗin yadda take. Kai ka san hanyar nan mil uku ce, tun rasuwarta kuma duk Lahadi yake taka ta da furanni a hannu. Maƙwabciyarsa, Misis Pugh, ta gaya mini yanzu sai ya iso allon, ya karanta, ya juyo gida da furanninsa. Da na tambaye shi, ya ce ƙafarsa ba ta iya mil biyar ba, wai wane mugu ne ya matsar da cocin. Yaya, na yi dariya a gabansa, na je mota na yi kuka.

Ni da nake hana shi, ni na ɗauki tsaninsa da rana tsaka, masu yawo da karnuka suna kallona, na mayar da biyar uku. Ran Lahadi na raka shi. Ya tsaya ya duba allon, ya yaba, ya ce ashe har yanzu akwai masu kishi a garin nan. Raina ya yi fari, na ce to mu ƙarasa. Sai ya dubi furannin da ke hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Glenys, wa za mu kai wa waɗannan?"

Likita ya ce zamansa shi kaɗai ya kusa ƙarewa. Clive yana maganar gidan tsofaffi, ni kuwa ko sunan wurin ba na iya ji. Allo dai na gyara, wannan ban san yadda ake gyara shi ba. Abin da ya fi ƙarfin hannu sai a bar wa Allah, amma nauyin ya yi mini yawa ni kaɗai. Kada ka jira Kirsimeti. Jiya ya tambayi inda kake, da sunanka ya tambaya, ka zo tun sunan bai ɓace masa ba.

Ka gaida Yvonne, da Owen da ƙaramar Carys. Clive da Bethan suna gaishe ku, Misis Pugh ma ta ce kada in manta da ita.

Taka ƙanwa mai jiranka,
Glenys